Tukunyar Nasiba Ta Yi Reshe

A kashe rediyo, a tsai da kabu-kabu, masu shayi su sauke buta. Ga Ajuma ɗiyar mutanen Yelu, sarauniyar toka da man kaɗe, shugabar masu riƙon muciya tun daga gindin gadar Gaya har inda kogi ya shige ƙasar wasu. Ita ce ta wanke rabin garin nan ba tare da ta taɓa jikin kowa ba. Alhazai sun hau jirgin Makka da ƙanshin hannunta, ƴan duwan, kwastan ɗin bakin iyaka, sun je sallar Juma'a da shi. Ni kaina da sabuninta aka yi mini wankan farko, kuma an ce na yi kukan da maƙwabta suka leƙo. Fadarta zaure ne da ɗaki ɗaya da bishiyar dogon yaro. Dogarawanta kaji ne, su ma na maƙwabta.

Ni ne Yazidu. Ajuma ƙanwar kakata ce, don haka matata ce ta wasa, ni kuma angon da bai taɓa kawo cefane ba. Na yi lakwal, wato boko, har katiriyam, aji uku na kwaleji, sannan ni da karatu muka rabu lafiya, ba wanda ya nemi wani. Na yi kabu-kabu, na yi yaron kamyo, babbar motar kaya, har Kwatano, na yi tallan shajar waya. Yanzu dako nake a bakin ruwa, inda kwale-kwale ke ƙetarewa Malanbil tun da aka rufe iyaka gada ta yi shiru. Ba na daɗewa a wuri. Ajuma ta ce kujera cizona take.

An kawo ta Gaya tana amarya, mijinta mai gyaran taru ne, ya rasu tun yaran suna ƙanana. Ba ta sake aure ba. Da sabunin salo ta ciyar da su, ta aurar, suka watse garuruwa, ita ta zauna inda aka ajiye ta.

Wanda bai taɓa ganin ana dafa sabunin salo ba, ga yadda abin yake. Ana ƙone karan gero a tara tokar, a zuba ta a tukunya mai huji a gindi, a bi ta da ruwa. Abin da ya tsiyaye shi ne ruwan toka. Ana narka man kaɗe a babbar tukunya, a riƙa zuba masa ruwan kaɗan-kaɗan, wuta na ci a ƙasa, muciya na juyawa ba tsayawa. Mai tuƙi ba ta iya sakin muciya ta ɗauki ludayi, saboda haka aikin na mutum biyu ne. Da farko man na yawonsa a sama, ruwan na ƙasa, kamar maƙwabtan da ba sa gaisawa. Ana nan ana nan, in Allah ya so, sai launin ya juya, kumfa ta taso ta kwanta, muciya ta yi nauyi, a duba a rasa ina man ina ruwan. Nan ne Ajuma ke cewa, “Ya kama.”

Mai ludayin ita ce Nasiba, Badendiya, gidanta na bayan katangar Ajuma. Tun mahaifina bai iya ɗaure wando ba suke tare. Ajuma ke da mai da wuta da muciya, Nasiba ke da toka. Ba wadda ta taɓa leƙa ɓangaren ƴar'uwarta, don ba a ga dalili ba. Nasiba kan yi tsiyayarta a gidanta, ta ɗauko tukunyar a ka, ta zagayo ta ƙofa.

Faɗansu bai taɓa canzawa ba. Ajuma mace ce mai sauri, mai tsabta irin wadda ke share tsakar gida sannan ta dawo ta share sawunta. Nasiba kuwa sanyin jiki gare ta. Ajuma za ta tanadi mai da itace, ta ɗaga murya ta kan katanga.

“Ke Badendiya, yau ko sai tashin ƙiyama?”

Daga can sai a ji, “A mana to.” Da yarensu, wai bai kai ba.

“Mi ne ne bai kai ba? Ke ce dai ba ki kai ga tashi daga tabarma ba.”

Wani lokaci har kasuwa ta ci ta watse ana jiran Nasiba. In kuma ta iso, jikin tukunyar ya sha wani busasshen farin abu daga gindi har wuya, kamar a makwancin kaji aka bar ta. Ajuma ta ce, “Mai sayar da abin wanki, tukunyarta ba ta san wanki ba.” Nasiba ta yi dariya, ta zauna ƴar kujerarta, ta ɗauki ludayi. In ya kama, ita kuma ta ce, “A bori,” wato ya yi kyau. Shi ke nan, a sauke.

Daminar bara Nasiba ta kwanta da zazzaɓi, ba ta tashi ba. Ƴaƴanta suka zo daga Dosso, aka yi zaman makoki, suka sa ɗan haya a gidan, suka kawo wa Ajuma tukunyar toka. Ba ta yi kuka gaban mutane ba. Ta ɗauki tukunyar ta kai bakin kogi, ta dirje ta da yashi har jan yumɓun ya fito kamar ranar da aka gasa ta. Na gan ta ina ɗauke da buhun shinkafa. Tana dirza tana magana ƙasa-ƙasa, na ji tana cewa, “Sai da kika tahi na samu na wanke miki ita.”

Daga nan sabuni bai sake kamawa ba. Takan yi tsiyaya da asuba ta dafa da hantsi, yadda mai sauri ke yi. Ta ɗauko ɗiyar maƙwabta ta zuba mata, ta canza ta da wata. Ta canza mai, ta canza itace, ta aika ƙauyen Bana aka kawo mata wasu karan. Tun safe har la'asar tana tuƙi, man na nan a sama yana kallonta. Abin da ake saukewa wani ruwa-ruwa ne mai maiƙo, ko akuya ba a wankewa da shi. Masu sayen na wankan jego suka zo suka koma, suka sake zuwa suka koma, sannan suka daina. A bakin famfo aka fara cewa hannun Ajuma ya mutu. Wasu suka ce a'a, ai da ma Nasiba ke da asirin, ta tafi kabari da abinta.

Gidan ya yi shirun da ban san shi da shi ba. Kullum da safe tana fito da ƴan kujeru biyu ta ajiye gindin murhu, da yamma ta mayar da biyu. In kaza ta yi wani abin dariya, ko ta ji an yi haihuwa a unguwa, sai ta juya wajen katanga ta buɗe baki, sai ta tuna, ta mayar da shi tari. Ɗan hayan wani yaron mota ne daga arewa, bai cika kwana a gari ba. In yana nan ma wayar salularsa ce ke magana.

Da na ga matata na ramewa, sai na tuno da ilmina. A kwaleji akwai malaminmu mushe Siddo mai koya mana shimi, wato ilmin haɗuwar abubuwa da rabuwarsu. Shi ya ce komai na duniya, da dutse da ruwa da gemun diraktan makaranta, an gina shi da wasu ƴan ƙwayoyi da ido ba ya gani, atom sunansu, kuma kowane da hannuwansa. Wani hannu ɗaya, wani biyu, wani huɗu. Ba sa son zama hannu sake, sai sun sami wanda za su riƙe. In ka ga abu ya canza, ƙarfe ya yi tsatsa, madara ta yi tsami, kara ya zama toka, to wasu ne suka saki hannun wasu suka kama na wasu. Wannan darasin kaɗai ya zauna mini, don ranar ce aka dawo da ni bencin gaba saboda surutu.

Na same ta tana tsince duwatsu a shinkafar mutum ɗaya. Na ce, “Amarya, matsalarki ta hannu ce, amma ba naki ba. Man nan ƴan cikinsa sun riƙe juna, ba su san kowa ba. Ruwan toka ne ke zuwa ya ɓamɓare su, ya ɗaura wa kowa sabon aure. Abin da aka haifa shi ne sabuni, hannu ɗaya cikin mai, ɗaya cikin ruwa. Shi ya sa yake jan datti ya bi ruwa da shi.”

Ta ce, “Wa ya gan su?”

“Ba a ganinsu.”

“To aljanu ne. Miƙo mini faifan can.”

Washegari na kawo mata sud a leda, farin garin nan da ake yin sabunin zamani da shi, wanda in ya taɓa fata sai ya bar shaida. Na ce wannan ba ya ƙin kamawa. Ta leƙa ledar ta ce, “Da wanga za a wanke jinjirin da cibiyarsa ba ta hwaɗi ba? Mai da musu kayansu.”

Babban ɗanta Alhaji Abdulmalik ɗan kasuwa ne a Yamai. Ba ta faɗin sunansa, ɗan fari ne, sai dai ta ce mai Yamai. Mutumin kirki ne. Ya gyara mata ɗaki a gidansa, hawa na sama, da fanka da tele. A salulata yake nemanta, don tata kullum tana cikin kwalla a kashe. Ran nan ya kira, na saki muryar a fili.

“Inna, zaman me kike yi a can? Aiki ya tsaya, ba kowa a gidan. In kika faɗi wa zai sani?”

“Kaji.”

“Inna, don Allah.”

Ta dubi murhu. Sai ta ce, “Ina ake hura wuta a bene?”

“Ba sai kin hura ba. Akwai gaz, akwai masu dafa miki. Ke dai ki zauna ki huta.”

Na ga yadda kalmar hutu ta shige ta, kamar an ce mata ta kwanta a auna tsawonta. Ta ce, “Akwai sauran mai na tukunya ɗaya. Zan dahwa shi. In bai kama ba na yarda hannun ya mutu, in biyo mota in zo. In ya kama, kar ka sake yi mini zancen.”

Ya ce ya ji. Ya ce direbansa Cha'ibu zai sauke kaya a Gaya ran kasuwa ta sama, sai ya tsaya ƙofar gida.

Da na kashe na ce, “Amarya, barina za ki yi ki tafi birni?”

Ta ce, “Kai da ke barin kowa. Kai za ka zuba mini.”

Muka ƙone kara, muka tsiyaye, tukunyar Nasiba ta cika fal, da niyyar a dafa washegari. Kafin magariba sai ga saƙo daga Yelu, wani ɗan'uwanta ya rasu. Ta ɗaure ƙullinta. A bakin zaure ta ce, “Ka ruhe tukunyar nan da faifai ka shigar da ita ɗaki.” Na ce an gama. Na ɗauko faifan ke nan aka kira ni bakin ruwa, wai an sauke albasa za a ƙetare da ita. Daga albasa sai siminti, daga siminti wani abokina ya ja ni Malanbil. Lokacin bazara ne, ranar Gaya tana dafa ƙwai a kan murfin mota. Tukunya ta yi ta zamanta gindin katanga, baki buɗe.

Sai jajibirin kasuwa na tuna, da aka ce mini an ga Ajuma a tashar Yelu tana neman mota. Na rugo gidan. Ruwan ya ja baya sosai, ya yi duhu kamar shayin farko. Jikin tukunyar kuwa, da aka dirje da yashi, ya koma fari daga gindi har wuya.

Na tsuguna zan ɗauka, sai na tsaya. Ban taɓa duban ƙazantar Nasiba daga kusa ba, ban kuma yi zaton wani ya taɓa ba. Farin abin ba shafe yake ba kamar farar ƙasa. Daga gindi ya taso da kauri, ya rabu biyu, kowane ya sake rabuwa, kowane ƙaramin ya sake, har inda idona ya gaza. Na matso har hancina ya kusa taɓawa. Ɗan reshen da bai kai ƙwayar gero ba, shi ma da nasa ƴan rassan, tsaf irin na babban. Bishiya ce da aka yi da ƙananan bishiyoyi. Kuma na san zanen. Shi ne a taswirar bangon ajinmu, kogi da gulaben da ke shigo masa. Shi ne a bayan ganyen kaɗe in an ɗaga shi a rana, shi ne a walƙiyar farkon damina. Gishirin toka ne ya biyo ruwa ta cikin yumɓu, rana ta shanye ruwan, ƴan ƙwayoyin suka rasa abin riƙo sai junansu, wannan ya kama wancan, wancan ya kama na gaba. Na yi dariya ni kaɗai, don in za ka rubuta da Hausa kalmar ɗaya ce. Sun kama juna, sun yi kama da juna.

Sannan na tuna da bakin Ajuma. Na ɗebo yashi, na ɗauko soso.

“Kar ka taɓa.”

Tana tsaye bakin zaure da ƙullinta a ka. Ta sauke shi a hankali, ta zo ta tsuguna. Na fara tsara ƙaryata, ba ta ma san ina wurin ba. Ta bi rassan da yatsa ba tare da ta taɓa su ba. Jijiyoyin bayan hannunta sun fito, su ma sun rabu sun sake rabuwa, irin zanen. Ta tsoma kan yatsa a ruwan, ta ɗan taɓa harshe, ta tofar da sauri ta goge baki da gefen zane.

Sai ta juya wajen katanga.

“A mana to,” in ji ta, da Dendancinta mai karkace. “Ashe abin da kike jira ke nan, ruwan ya sha rana ya yi ƙarhi. Ashe ba lalaci ba ne.” Sannan ta ƙara, “Ke ma da ba ki iya buɗe baki ki hwaɗa ba.”

Ba abin da ya fito daga bayan katangar. Ɗan hayan ma ba ya nan.

Da safe na tarar ta hura wuta. A cikin ɗaki na hango kayanta a ɗaure, kwalla da tabarma da akwatin ƙarfe, tun kafin tafiya Yelu ta ɗaure su. Man ya narke. Na ja kujerar Nasiba zan zauna, ta ce, “Tsuguna.” Na tsuguna.

“Zuba. Tsaya. Na ce kaɗan, ba wankan gawa kake ba. Zuba.”

Man na yawonsa a sama. Rana ta ɗaga, hayaƙi na shiga idona, gwiwoyina suka fara kuka. Muna cikin haka muka ji kamyo ya tsaya a ƙofa. Cha'ibu ya yi sallama ya shigo, ya durƙusa ya gaida ta, ya ce, “Inna, Alhaji ya ce in ɗora kayan.”

Ba ta dube shi ba. “Zauna zaure.”

Ya koma ya zauna. Daga baya ya leƙo, ya sake leƙowa, ya ce yana son ya wuce Dosso kafin zafi. Ajuma ta ci gaba da tuƙi. Zufa na ɗiga daga haɓarta. Na ce ta kawo in taya ta, ta ce in kula da ludayina. Ruwan ya kusa ƙarewa, ina jin ludayin na goge gindin tukunya, kuma ba wani man a gidan.

Daga gefe abin ya fara. Launin ya ɗan juya, kamar kunun da aka sa wa tsamiya. Kumfa ta taso har na ja baya, ta yi ta huci, sannan ta kwanta. Na duba ban ga man ba. Muciyar ta fara gardama, Ajuma ta sa hannu biyu, ta kai ta kawo, ta kai ta kawo. Sannan ta sake ta. Muciya ta tsaya a tsakiyar tukunya ita kaɗai.

“Ya kama.”

Ta faɗa ne tana kallon kujerar da ba kowa. Ta jira. Na san kalmomin da ake faɗa a wurin, suna bakina, amma na bar su. Can ta sunkuya ta janye itace.

Ta kira Cha'ibu, ta kwashi sabuni a sabuwar ƙwarya yana tururi, ta rufe da faifai. “Kai wa mai Yamai. In ya huce su dunƙula. Ka ce ina gaida yara.”

“Kayan fa, Inna?”

“Ga shi nan a hannunka.”

Kamyo ya tashi, unguwa ta koma shirunta. Kafin azahar ta kwance akwati, ta mayar da kwalla mazauninta. Ba ta aika an gaya wa kowa ba, ta san ƙanshin zai kai bakin famfo da kansa. Ta jiƙa sabuwar toka, ta tara tukunyar Nasiba a ƙarƙashi, ba ta wanke ta ba. Da ta tsiyaye, ta ja ta gindin katanga, daidai inda na manta da ita. Ta zauna kujerarta, ɗayar na gefe, tana kallon tukunyar. Wanda zai zuba mata a dahuwa ta gaba kuwa, ba ta tambaya ba. Ta riga ta ji a gari cewa na yi magana da wani mai mota zuwa Agadas.

Na miƙe tsaye a gabanta, na gyara riga. Na ce, “Amarya, yau kin ga abin da ilmi ke yi. Wa ya gano sirrin da ya gagari garin nan? Ni da ke yanzu mun kama, hannu cikin hannu, ko sud ba ya raba mu. Ya kamata a buga sunana a jikin kowane dunƙule, a kai wa mushe Siddo ɗaya ya san bai yi asarar alli ba.”

Ta ɗago ta dube ni daga takalmi har kai.

“Mantawa ka yi. Matsa daga nan, ka tare wa tukunya rana.”